Kaset ɗin NES mai MMC3: sauti lafiya, hoto a hargitse

Assalamu alaikum, masu gyara. Daga Sakkwato nake. Wani kaset ɗin NES (tsohon injin gem na Nintendo) mai MMC3 (cif ɗin da ke zaɓo ɓangaren ma'ajiya da za a karanta) ya gagare ni. Na cire CHR-ROM ɗinsa (cif ɗin da ke ɗauke da hotunan gem) da ya mutu, na sa EPROM 27C020 (cif ɗin ma'ajiya da ake iya rubuta wa fayil) a gurbinsa. Gem yana tashi, sauti ƙalau, shafin farko tsaf. Amma da an shiga mataki na biyu sai hotuna su cakuɗe, kamar MMC3 na ɗauko banki (ɓangaren ma'ajiyar hoto) ba daidai ba.

Na goge haƙoran kaset saboda ƙurar hunturu, na sake dalma. Fayil ɗin gem ɗin kuma yana tafiya daidai a Mesen (manhajar da ke kwaikwayon NES a kwamfuta). Zargina yana kan layukan adireshi na cif ɗin, A16 da A17, tunda jerin ƙafafun ROM ɗin Nintendo ya bambanta da na EPROM.

Don Allah, waɗanne ƙafafu zan ɗaga in sake haɗawa da waya?