Wace kalma za mu ba "flutter" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma ga abin da ya jawo.

Ranar Asabar da yamma na bi ta Dandalin Black Star da ke bakin teku a Accra da ɗan ƙanwata, tutocin Ghana sai kaɗawa suke yi. Yaron ya ce, "Kawu, iskar teku ta gefe ɗaya take busowa. Me ya hana tutar ta miƙe ta tsaya cak?" Amsar na san ta, amma da na zo faɗa da Hausa sai harshena ya sarƙe.

Ƙyalle ba ya rasa 'yar lanƙwasa. Inda ya yi tozo, iska tana wucewa da sauri, matsinta ya ragu, a ɗaya fuskar kuwa matsin ya fi yawa. Wannan bambancin shi ke ƙara tura tozon waje. Idan ƙyallen ya taho komowa, nauyinsa ya sa ya zarce, sai lanƙwasar ta gangaro daga jikin sanda har bakin tuta, ta saki 'yan guguwa a bayanta, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba sai iska ta yi ta sauyawa ba. Da zarar gudunta ya wuce wani mizani, motsin da kansa yake ciyar da kansa. Wannan shi injiniyoyi ke kira "flutter".

Na kai maganar majalisarmu a unguwar Nima bayan Magariba. Wani ya ce kaɗawa. To ai reshe ma yana kaɗawa, kare ma yana kaɗa wutsiya, kalmar ta yi faɗi da yawa. Karkarwa ta mai zazzaɓi ce da injin janareto. Lilo kuwa sai an tura shi, in an bari ya mutu.

Ni zuciyata ta kwanta da filfilwa. Tun muna yara muka san ta: ka soke takarda a tsinke, ka ruga da gudu, iska ta yi sauran aikin. A bakin mutane ma tuta filfilawa take yi.

Limaminmu ne ya ja ni. Ya ce, "Ɗana, filfilwa abin wasan yara ce, za ta iya ɗaukar gada?" Yana da hujja, don na riga na ba su labarin gadar Tacoma ta Amurka, wadda iska mai gudun kusan mil 40 a awa ta yi ta murɗawa har ta karye ranar 7 ga Nuwamba 1940, wata huɗu kacal da buɗe ta. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da ya kama ƙyalle shi ya kama ƙarfe. Mu ce filfilwar gada, filfilwar fiffiken jirgi, kunne zai saba."

Ya yi shiru, sannan ya ce a tambayi mutanen Kumasi tukuna. 'Yan Aboabo, kun ji, muna sauraronku.