Likita ya ce a yi wa Baba allura a cikin ido saboda ciwon suga, mu yarda?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Mahaifinmu tela ne a Zariya, shekararsa 61, ya haura shekara goma yana fama da ciwon suga. Tun bayan babbar sallah ya daina iya zura zare a allurar keke, sai yaron shago ya zura masa. Daga baya ya ce layin alli da yake ja a kan shadda a karkace yake ganinsa, alhali da rula ya ja. Ƙanena ya sayo masa tabarau a kasuwa, bai ga wani bambanci ba.

Satin da ya wuce muka kai shi asibitin ido. An ɗiga masa magani, aka haska, aka ɗauki hoton bayan idon. Likita ya ce suga ya taɓa jijiyoyin ciki. Idon dama ya kumbura ta tsakiya, za a riƙa yi masa allura a cikin ƙwayar idon duk wata, na hagu kuma a yi masa leza, wato aikin da ake yi da wani haske mai ƙarfi. Baffanmu ya ce atafau ba za a soka wa ɗan'uwansa allura a ido ba, wai yanar ido ce kawai, akwai mai cire ta na gargajiya. Inna sai kuka take. Baba ya yi shiru, mu yake jira. Ya za mu yi?

Abu Fatima:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen ido, kuma ina roƙonki ku yarda, kada ku ja lokaci.

A can bayan ido akwai wani siririn tantani, shi yake karɓar haske, likitoci na ce masa retina. Suga idan ya daɗe yana sama, yakan lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, su fara yoyo. Idan ruwan ya taru a tsakiyar tantanin, inda ake karatu da gane fuska da shi, wurin ya kumbura. Shi ya sa Baba yake ganin layi a karkace, kuma tabarau ba zai gyara wannan ba. Allurar tana tsayar da yoyon ne. Maganin allurar iri-iri ne, akwai Avastin, akwai Lucentis, akwai Eylea. Avastin ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, asalinta maganin ciwon daji ce, amma tun 2005 likitocin ido ke amfani da ita.

Idon hagun ma kada ku raina shi don yana gani da shi. Idan likita ya ce leza, yawanci ya ga sababbin jijiyoyi marasa ƙwari sun fara tsiro. Su ne ke fashewa dare ɗaya jini ya cika ido, ko su janyo tantanin ya ɓalle, ko su kawo hawan jinin ido mai tsanani. Duk wannan yana faruwa ba tare da ciwo ba sai a ƙarshe. Lezar na iya ɗan rage ganin dare da na gefe, gaskiya ne, amma tana kare abin da ya fi yawa.

Maganar Baffa kuwa, a lallashe shi da girmamawa. Masu suga suna saurin yin yana, amma yana a gaban ido take, shi kuma wannan ciwon a baya yake. Mai cirewa na gargajiya tura madubin idon yake yi ya faɗa ciki, mun ga waɗanda suka zo mana bayan haka ido ya riga ya mutu. Ku tafi da Baffa ranar asibiti, likita ya nuna masa hoton da idonsa.

Hajiyar Tudun Wada:
'Yata, ni da kaina an yi min, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Tsoron ya fi abin yawa. Za a kwantar da shi, a ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da wani ruwa mai ruwan ƙasa, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kada ya ƙifta. Za a ce ya kalli gefe guda, ta farin idon ake shiga, ba ya ma ganin allurar. Ni dannawa kawai na ji, kafin in gama salati an gama. Ranar idon ya yi ta min kamar da yashi a ciki, na kuma ga ɗigo-ɗigo baƙi suna yawo, washegari ya lafa. Ki ce wa Innarku ta share hawaye. Abin da ya fi wahala shi ne kuɗin da komawa duk wata, don haka ku zauna da 'yan'uwanki ku tsara yadda za a haɗa tun yanzu, kada a fara a tsaya a hanya.

Maman Khalifa:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Malam Abu Fatima, don Allah gaskiya tsakani da Allah, zai koma ɗinki?

Abu Fatima:
Ba zan yi miki alkawari ba. Da yawa ganinsu yakan ƙaru bayan allurai na farko, wasu kuma tsayawa kawai yake yi bai ƙara lalacewa ba, ya danganta da daɗewar kumburin. Kuma allura ba za ta yi aikin ita kaɗai ba, sai an kama sugan da hawan jini. Ku nemi a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata uku da suka wuce, galibi ana son ya sauka kusa da kashi 7. Idan ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, ku gaya wa likita kafin allurar. Bayan an yi, in ido ya yi ja sosai da zafi, ko gani ya ragu, ku koma a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku. Kada a ɗiga zuma ko ruwan albasa ko wani tsimi.

In akwai wani mai suga a gidanku, ya je a buɗe masa ido da maganin ɗigawa a duba bayansa sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau, mai juna biyu kuma tun farkon ciki. Ya tafi da ɗan rakiya, don gani yakan dushe na wasu sa'o'i, bai kamata ya tuƙa mota ko babur ba.

Maman Khalifa:
To Inna ma tana da shi, ba a taɓa duba mata ido ba. Zan haɗa su ranar Litinin insha Allahu, da Baffa in ya amince.