Taƙaitawa: shawarwari ga mai son binciken tattalin arziki kan laifi, ƙaura da sana'a

Ga abin da na tsinta daga wata tattaunawa kan yadda ɗalibi zai shiga wannan fage na bincike:

1. Kowa ya yarda a fara ƙwarewa a lissafi da sarrafa alƙaluma da manhajojin kwamfuta irin su Stata ko R.

2. Kan laifi, an fi kawo misalin jihar Kalifoniya ta Amurka. A 2011 jihar ta fara tura masu ƙananan laifuka gidajen yarin ƙananan hukumomi don rage cunkoso a gidajen yarin jihar. Binciken Magnus Lofstrom da Steven Raphael bai ga ƙaruwar laifukan tashin hankali ba, sai dai satar mota ta ƙaru. Irin wannan sauyin doka ake so ɗalibi ya riƙa bibiya.

3. Ƙaura ce ta raba kawuna. Wasu na bayan masanin tattalin arziki David Card, wanda ya ce zuwan 'yan Kuba birnin Miami na Amurka a 1980 bai karya albashi ba. Wasu kuma na bayan wani masanin, George Borjas, wanda ya ce marasa shaidar sakandare sun ji jiki. A ganina, wajibi ne ɗalibi ya karanta su duka kafin ya ɗauki ɓangare.

4. Kan sana'ar baƙi, an ja kunne a bambance mai buɗe shago don rashin aiki da mai kafa kamfani.

5. Ina ya fi dacewa a yi wannan aiki, jami'a ko cibiyar bincike? Ba a daidaita ba.