"’Yan uwan wa?" Yadda maganar SIDA ta rikice a gurup ɗin fadarmu ta Damagaram

Sani: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Akwai yaron da na daɗe ina lallashi ya yi awon jini, jiya ya yarda, na raka shi wani asibiti a garin nan. Mai karɓar kati ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga murya a gaban matan da ke layin awon ciki ta ce, "Irinku ne ke kawo mana ciwon nan." Ya ajiye katin a kan benci, ya fita ya tare kabu-kabu. Har yanzu wayarsa a kashe. Kuma bayan sallah za a ɗaura masa aure. Maganin ARV, mai danne ƙwayar SIDA (ƙanjamau), kyauta ne a Nijar, awo ma yana nan. Abin da ke yaɗa SIDA a tsakanin ’yan uwanmu maza masu neman maza shi ne wannan wulaƙancin, don shi ke hana su zuwa. Wanda yake da ja ya fito.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. ’Yan uwan wa? Sani, ka ce ’yan uwanka. Kada ka jawo mu ciki.

Sani: Allah gafarta Malam, ’ya’yan garin nan ne. Iyayensu na bin ku salla.

Malam Habu: Ɗan Annabi Nuhu ma ɗansa ne na cikinsa, amma aka ce masa ba ya cikin iyalinsa. Aiki ke haɗa zumunci, aiki ke raba shi.

Mushe Idi: Malam, wancan kafirci ya yi. Ku ne kuka karantar da mu cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci. In mai saɓo ya mutu, wa ke masa wanka?

Malam Habu: Mushe, tsaya a allonka na lakwal. Ban ce kafirai ba ne. Na ce kar a yi musu ado da kalma.

Lawali: Ai wannan "’yan uwanmu" ba daga bakin Sani ta fito ba. A taron ONG, ƙungiyoyin nan masu zaman kansu, ake koya musu ita, a otal, da lemo da ambulan. Kowa ya san harkar.

Sani: Lawali, kuɗin man babur ɗina ma ni ke zubawa. Ka zo ka duba ambulan ɗin.

Hajiya Zuwaira: Ku dakata. Ni duk ba wannan ya tsaya mini a rai ba. An ce aure za a ɗaura. ’Yar wa ce? Ita ba ’yar uwa ba ce?

Majo Rakiya: Hajiya, ke kaɗai kika ji abin da aka faɗa. Na yi aikin asibiti har na yi ritaya. Da yawa daga cikin mazan nan suna da mata a gida, ko za su yi, don dangi ba sa barin namiji haka nan. In ya ƙi awo, matarsa ce ke biya, sannan jaririnta. Haɗarin kamuwa ta dubura kuma ya ninka na gaba fiye da sau goma, saboda fatar wurin siririya ce, saurin tsagewa gare ta. Shi ya sa ciwon ya fi yawa a cikinsu nesa da sauran jama'a. Amma wanda yake shan ARV kullum, aka auna aka daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa wanda yake kwana da shi. Yawanci cikin wata 6 ake kai wa nan. An bi ma'aurata masu yawa a Turai, har da maza da maza, sakamakon ya fito a 2016 da 2019, ba a samu wanda ya ɗauka daga abokin zamansa ba. To wanda aka kora daga bakin ƙofa, yaushe zai fara shan maganin?

Lawali: "Ma'aurata" kuma? Majo, ke ma kin shiga? Da ’yan uwa ne, yanzu an kai ga aure!

Majo Rakiya: Ɗana, na haife ka. Ka ɗauki abin da zai amfane ka, ka bar mini Hausata.

Haladu kabu-kabu: Ni dai abin da na sani, ciwon nan nasu ne tun asali. Daga Amurka ya fito, a wurinsu.

Mushe Idi: A wurinsu aka fara lura da shi, a Los Anjalas, 1981, samari 5. Ƙwayar ta daɗe a jikin mutane kafin nan. A 1983 aka gano ta a cibiyar Pasteur ta Paris, a 1987 aka ba da rahoton mutum na farko a Nijar. Yau a duniya mata sun fi rabin masu ɗauke da ita. Su ma nasu ne? Nan ƙasar, binciken 2006 ya nuna kashi 0.7 cikin ɗari na manya, na 2012 ya nuna 0.4. An samu sauƙi, amma inda ya rage ya taru a wuraren da ba a son dubawa.

Haladu kabu-kabu: Mushe ya buɗe kundi. To ni a Zango nake, ban taɓa ganin irinsu a unguwarmu ba. A tambayi mutanen Birni.

Alhaji Mutari (admin): Haladu, ka iya bakinka. Birni unguwar Sarki ce. Tasha da gidajen baƙi a ina suke?

Haladu kabu-kabu: Alhaji, kasuwa ce ta kawo baƙi, kuma kuna cin kasuwar.

Bashir (daga Kano): Ku a Nijar sakaci ne ya yi muku yawa. Mu tun Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu a doka, shekara 14 a gidan yari ga mai auren jinsi. Magana ta ƙare.

Majo Rakiya: Ba ta ƙare ba, Bashir. An bi irin mazan nan a Abuja kafin dokar da bayanta, aka ga tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikinsu. Kuma SIDA ta fi yawa a Najeriya a kan Nijar, ba kusa ba.

Bashir (daga Kano): Mama, yawanmu ɗaya ne da ku? Kano kaɗai fa...

Lawali: To ga shi nan. Kowace magana sai an ce Kano kaɗai. Ku fara gyara nairarku.

Bashir (daga Kano): Man da kake zubawa a mota daga ina ake ɗauko shi?

Lawali: Matatar mai tana nan Damagaram tun 2011, malam. Ka zo in kai ka.

Sani: Jama'a, don Allah. Ni fa cewa na yi an kori yaro daga wurin awo. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyan ma'aikaci. Ko ɓarawo aka sara, ɗinke shi ake yi kafin a kai shi kwamisariya.

Malam Habu: Ban goyi bayan korar mara lafiya ba, kuma ban taɓa cewa a kore shi ba. Tona asiri ma haramun ne. Amma ka janye kalmar nan, sai mu yi magana.

Sani: In na ce "bayin Allah" fa?

Malam Habu: Wannan kowa ne.

Mushe Idi: To ai shi ke nan, Malam, kun yarda.

Malam Habu: Ban yarda da komai ba.

Hajiya Zuwaira: Majo, ni tambaya gare ni. Awon da ake yi kafin aure ya isa?

Majo Rakiya: In kamuwar sabuwa ce, Hajiya, awo na iya fitowa lafiya lau alhali ƙwayar na nan. Sai a sake bayan wata 3. Kuma a je tare, kowa ya ji sakamako daga bakin ma'aikaci, kar a yarda da takardar da aka kawo a aljihu. Wanda kuma ya san ya faɗa haɗari, ko kwaroron roba ya fashe, ko fyaɗe aka yi, akwai maganin gaggawa na kwana 28, amma sai an fara shi kafin awa 72 ta cika. Akwai ma wanda mai lafiya ke sha don rigakafi, PrEP.

Lawali: Wato a sha magani a ci gaba da ɓarna. Madalla.

Alhaji Mutari (admin): To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Jama'a sun haɗu a kan cewa kalmar da Sani ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma shi da kansa ya sauya ta, Allah ya saka wa Malam Habu da alheri da ya yi gyara cikin hikima. Majo ta kawo bayanan likita masu tsawo, mai buƙata ya bi ta ta gefe. Maganar da aka yi a kan Birni ba ta da tushe, Haladu zai ba da haƙuri kafin azahar ko in fitar da shi. Batun matatar mai, Lawali ne da gaskiya. Na rufe gurup sai da safe. Waɗanda ba su biya kuɗin shayi na wannan wata ba su tura wa ma'aji.