Muhawara: Kuɗin masu zuwa kallon damisar Sundarban ne ke riƙe da dajin da mutanensa?

Ɗalibin Kolkata: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na dawo daga Sundarban, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ga wanda bai san wurin ba, kurmi ne da ya tsiro a cikin ruwan gishiri, inda kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna ke zuba cikin Tekun Bengal. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, kaso mafi yawa na Bangaladash, sauran na jihar Bengal ta Yamma a Indiya, wadda Kolkata ne babban birninta. Babu hanyar mota. Daga tashar Godkhali da ke ɓangaren Indiya muka hau jirgin ruwa, muka yi kwana biyu muna bin mashigai, ba a taka ƙasa sai a hasumiyoyin kallo na Sajnekhali da Sudhanyakhali da Dobanki, su ma an kewaye su da waya. Mun ga kada, mun ga barewa mai ɗigo-ɗigo, da birai, da aladen daji. Damisa kuwa ba mu gan ta ba. Sawunta kawai muka gani da ruwa ya janye, ya fito daga kogi ya haura taɓo ya shige cikin itatuwa, ruwa na tsatsowa a cikinsa alamar ba ta daɗe da wucewa ba. Jirgin gaba ɗaya ya yi tsit. Abin da nake cewa shi ne, duk mai hali ya je, domin kuɗin da baƙi ke biya shi ke riƙe da damisar nan da mutanen wurin. Ba don masu zuwa kallo ba da tuni an sare dajin.

Maman Biyu: Wa'alaikumus salam. Damisa irin tamu mai roɗi-roɗi?

Ɗalibin Kolkata: A'a Anti, ta Bengal ce mai ratsi-ratsi, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Tana iyo kamar kifi, tana ƙetare kogi daga tsibiri zuwa tsibiri.

Ɗan Sarkin Ruwa: Barka da dawowa ƙanena. Amma ban yarda da maganarka ba ko kaɗan. Ni gidan masunta na tashi, shi ya sa na daɗe ina bibiyar labarin wurin nan. A ɓangaren Indiya kaɗai mutum fiye da miliyan 4 ne ke zaune a tsibiran da ke gefen dajin. Nawa ne a cikinsu ke tuƙa jirgin baƙi ko dafa musu abinci? Ɗigo ne a cikin teku. Sauran noma suke, in gishiri ya kashe gona sai su shiga daji kamun kifi da ƙaguwa da ɗiban zuma. Su damisar ke ci, ba kai da ke saman jirgi da kyamara ba. Manyan masaukai da kamfanonin yawon da yawa na mutanen Kolkata ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibin Kolkata: Yaya, ɗan jagoranmu ɗan tsibirin Gosaba ne, direban jirgin ma haka. Kuma akwai kason kuɗin shiga da ake ba kwamitocin ƙauyuka masu taya tsaron daji.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ban ce ba wanda ke ci ba. Amma ka duba wannan. Inda jirginku ya yi ta kewayawa, yankin Sajnekhali, an hana kamun kifi a cikinsa. Baƙo zai shiga da injin yana rugugi daga safe zuwa yamma, masuncin da kakansa ya kafa taru a wurin in ya shiga da ɗan kwale-kwalensa ya zama ɓarawo. Lasisin kwale-kwalen ƙididdigagge ne, masu shi haya suke bayarwa da tsada. Wanda ba shi da kuɗin haya ya yi yaya? Sai ya saci jiki ya shiga can ƙurya inda ƙaguwa ta fi yawa, inda kuma damisa ta fi yawa. Wanda ya san kamun ƙaguwa ya san dole ka sauka cikin taɓo ka sunkuya, bayanka ga daji. Ta bayan wuya take kamawa.

Malama Mai Takaba: Ku ba ni dama in sa baki, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bara na yi takaba, na san abin da ake nufi da maigida ya fita bai dawo ba. Ni aƙalla na ga gawa, an yi masa sutura, an yi sallah, dangi sun zo ta'aziyya. A can akwai mata da har suna aka sa musu da harshen Bengali, ana ce musu zawarawan damisa. Da yawa ba sa ganin gawa. Kuma in mijin ba da izini ya shiga ba, matar tana tsoron kai rahoto kada a kama abokan tafiyarsa, sai ta haɗiye kukanta. Ba diyya, ga tsangwamar dangin miji da ke cewa ita ce mai farar ƙafa. A farkon 2024 Babbar Kotun Kolkata ta ba da umarnin a biya wasu mata biyu rufi 500,000 na kuɗin Indiya kowace, ba tare da duba ko a wane yanki aka kashe mazansu ba. Ku lura, kotu ce ta tilasta. Kuɗin baƙi ya daɗe yana shiga amma bai share musu hawaye ba. Ɗana, ka ga ɗaya daga cikinsu a tafiyarka?

Ɗalibin Kolkata: Allah ya ji ƙansa, Mama. Ban sani ba ko na gani. Da asuba mun wuce wasu mata cikin ruwa har ƙirji suna jan raga mai shuɗin launi a bakin jinga, ɗan jagora ya ce ƙwan jatan lande suke tacewa. Ɗaya ta ɗago ta dube mu, ta mai da kanta ga ragarta. Ban tambayi labarinta ba.

Baba Tsohon Ma'aikacin Gandu: Amin. 'Ya'yana, shekara talatin na yi ina aikin gandun daji, bari in faɗi tawa. Ɗalibi ya yi kuskure a abu guda: doka ce ta riƙe dajin, ba baƙi ba. A 1973 aka ayyana ɓangaren Indiya wurin kare damisa, yana cikin rukunin farko da Indiya ta ware, aka mai da tsakiyarsa gandun ƙasa a 1984, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A lokacin ina baƙin suke? Amma kai ma Ɗan Sarkin Ruwa kana magana kamar dajin abokin gabar masunci ne. A cikin saiwoyin nan da ke tsirowa sama kamar tsinke kifi da jatan lande ke hayayyafa. A buɗe wa kowa, shekara kaɗan za a kwashe komai, sannan masuncin ya ci me? Ga guguwa. Sidr a 2007, Aila a 2009, Amphan a 2020, itatuwan nan su suka fara karɓar duka kafin iska da ruwa su kai ga ƙauyuka. Damisar kuma ita ce maigadin da ba a iya ba shi cin hanci. Tsoronta ya hana gatari shiga fiye da yadda mu masu kaki za mu iya. Kuma duka nawa suka rage? Ƙidayar Indiya ta 2022 ta sami 101 a ɓangarenta, ta Bangaladash ta 2024 ta sami 125.

Ɗan Sarkin Ruwa: Baba, da girmanka, maigadin nan da naman talaka ake biyansa albashi. Kuma tunda an zo tarihi, a ambaci Marichjhapi. A 1979 'yan sanda sun datse tsibirin, sun kori dubban 'yan gudun hijira da suka zauna a kai, da hujjar cewa gandun daji ne. An rasa rayuka. Wane ɗan jagora ne ke faɗa wa baƙi wannan?

Baba Tsohon Ma'aikacin Gandu: Wannan zalunci ne, ba zan kare shi ba. Sai dai kada a ce ba a yin komai. An ja raga mai tsawo a bakin dajin da ke fuskantar ƙauyuka don hana damisa ƙetarowa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka raba wa masu shiga daji fuskar roba su sa a ƙeya, don ta zaci ana kallonta, ta yi amfani da farko kafin ta gane. Masu ɗiban zuma kuma ana ba su izini a lokacinta, daga watan Afrilu.

Maman Biyu: To ni dai tambayata, in mutum ya sami hali ya je ko kada ya je?

Malama Mai Takaba: Ya je mana, gani ya kori ji. Amma ya kwana a gidan saukar 'yan ƙauye, ya sayi zuma a hannun masu ɗibanta, ya daina ganin kamar da kuɗin tikiti ya sauke nauyi.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ni ba zan je ba sai ranar da aka ba masunci izinin shiga inda aka ba baƙo.

Baba Tsohon Ma'aikacin Gandu: In aka yi haka, ɗana, zawarawan ƙaruwa za su yi.

Ɗalibin Kolkata: Na janye cewa baƙi ne ke riƙe da dajin, Baba ya fi ni gaskiya a nan. Amma ban janye cewa a je ba, domin da ban je ba da ban san akwai matan nan ba balle mu yi wannan magana. Ina da lambar ɗan jagoranmu. Zan kira shi gobe in sha Allah in tambaye shi nawa ya shiga hannunsa a cikin abin da muka biya, da kuma ko a ƙauyensu akwai wadda ta karɓi diyyar nan.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ka tambaye shi har da kuɗin hayar lasisi na bana.