Neman kalma: jan dutsen nan mai guba da Sinawa ke haɗa magani da shi

Hadiza_Rediyo: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shirin lafiya kan maganin gargajiyar ƙasar Sin, kuma suna biyu sun tsaya mini. Na farko wani dutse ne ja mai ruwan lemo, suna ce masa xionghuang, haɗin sinadarin arsenik mai guba ne da farar wuta. Yana cikin ƙwayoyi irin su Niuhuang Jiedu Pian, wasu kuma na barbaɗa garinsa a giya ranar 5 ga watan biyar na kalandarsu, wai don korar macizai da ƙwari. Na biyu farin gari ne, pishuang, shi ne mai saurin kisa. Ina son sunan da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta riƙe.

Malam_Sani: Wa alaikumus salam. Ki ce zarniki. Larabawa zarnikh suke cewa, bakinmu kuwa ba ya barin kalma ta ƙare haka sai ya ƙara mata wasali. Jan zarniki, farin zarniki. Akwai ma na uku mai ruwan ɗorawa, cihuang, shi ma ya samu wurin zama.

Likita_Bello: Na bi bayan Malam. Amma Hadiza, don Allah kada ki haɗe su a suna ɗaya. Jan ba ya narkewa sosai a ruwa, shi ya sa jiki ba ya ɗaukarsa da yawa lokaci guda. Da zarar ya sha wuta sai ya rikiɗe ya koma farin, kuma su kansu masu maganin Sin suna gargaɗi kada a gasa shi. Wanda ya daɗe yana shan jan ma bai tsira ba, yana taɓa fata da hanta da jijiyoyi.

Ɗan_Gobir: Kullum aro! Yau Larabci, gobe Turanci. Hausa ta mutu ne? Ni dai "dutsen ajali" na ce, ko "jan dafi". Duk wanda ya ji ya san abin gudu ne.

Malam_Sani: Ɗan'uwa, dafi na maciji ne da kunama da kibiya. Abin da ake haɗiya guba ne.

Likita_Bello: "Ajali" kuma zai yi mana ɓarna a asibiti. Farin nan da kake ji, a shekarun 1970 Zhang Tingdong da abokan aikinsa a birnin Harbin na ƙasar Sin suka fara gwada shi a kan masu sankarar jini, aka ga yana aiki a kan wani nau'i guda nata. A 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, yanzu ta jijiya ake ba da shi, da awo, ana duba bugun zuciya. Ka ce wa uwa za a ɗaura wa ɗanta ruwan dutsen ajali, ka ga ko za ta kwana a ɗakin.

Ɗan_Gobir: To a 2010 da yara suka yi ta mutuwa a Zamfara, da me aka wayar da kan mutane? Da "gubar dalma". Kalmar gida ce, shi ya sa ta shiga kunne. Ku 'yan boko da malaman zaure duk ɗaya kuke, kun raina abin gida.

Malam_Sani: Dalma mun san ta tun kakanni, shi ya sa take da suna. Wannan dutsen ba a kasuwarmu ya tashi ba. Littafi, sabulu, asibiti, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Kuma ka janye maganar raini, shekaruna ba na wannan ba ne.

Issoufou_Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu nan arsenik muka sani tun daga makaranta, haka ma'aikatan lafiya ke faɗa. Abin da ke damuna shi ne a zauna a Kano a yanke, mu sai dai mu ji a rediyo. Hausar ba ta tsaya a kan iyaka ba.

Ɗan_Gobir: Faransanci ke nan kuma. Uku sun cika.

Issoufou_Damagaram: Ba tallar Faransanci nake ba. Cewa nake wanda ya je kantin magani da "zarniki" kaɗai, mai kantin ba zai same ta a jikin kwali ba.

Hadiza_Rediyo: Ranku ya daɗe, dare na yi, rubutun bai kammalu ba. Ga abin da zan yi. A farkon shiri zan ce "zarniki, wato sinadarin arsenik", saboda maganar Malam Issoufou gaskiya ce. Daga nan sai jan zarniki da farin zarniki. In na zo kan illa zan ce "gubar zarniki", a kan ƙirar gubar dalma.

Ɗan_Gobir: Gubar dai tamu ce, na karɓi wannan rabin. Zarnikin ban yarda ba. Ki buɗe layin waya, ki tambayi masu sauraro abin da su za su kira shi.

Hadiza_Rediyo: Zan buɗe, Yaya. Likita, sunayen ƙwayoyin fa, in karanta su da Sinanci?

Likita_Bello: Ki karanta Niuhuang Jiedu Pian a hankali, sau biyu, don mai kwalin a gida ya duba.