Sabar MySQL tana sandarewa ana tsaka da karɓar kuɗin makaranta, me zan duba?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara hana ni barci. Ni ke kula da manhajar karɓar kuɗin makaranta a wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya, bayanan duk suna cikin MySQL 8, manhajar rumbun ajiye bayanai, a kan saba guda. Litinin ɗin da aka dawo hutu, iyaye sun cika ofishin akawu, layi har bakin ƙofa, wasu tun daga Shika da Giwa suka taso, sai manhajar ta tsaya cik. Kowa ya buɗe shafi sai ya ga Too many connections. Na kashe sabar na kunna, ta dawo. Jiya ma haka ta yi, wata tsohuwa tana zaune da kuɗin jikanta ɗaure a bakin mayafi har azahar. Wallahi na ji kunya. Ta yaya zan gane abin da ke riƙe ta?

Mai Shagon Kwamfuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ka ƙara max_connections kawai, wato iyakar haɗin da sabar ke karɓa a lokaci guda. Asalinsa 151 ne, ka mai da shi 1000 ka huta.

Yaya daga Tudun Wada:
A'a, kar ya fara da wannan. In hanya ta toshe a Kwangila, ƙaro motoci ba zai buɗe ta ba. Ƙanena, kashewa da kunnawar nan da kake yi share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. In ta sake tsayawa, ka bar ta yadda take, ka shiga da asusun root. MySQL tana ajiye gurbi ɗaya na ƙari ga mai kula da ita ko da sauran sun cika. Sai ka buga SHOW FULL PROCESSLIST. Kar ka manta da FULL, in babu shi haruffa 100 na farko na kowane umarni kawai za ka gani. Kowane layi zare ɗaya ne, wato haɗi ɗaya da sabar: Id lambarsa, Host kwamfutar da ya fito, Command abin da yake yi, Time daƙiƙun da ya ɗauka a wannan hali, State kuma abin da yake jira. Ka kawo mana abin da ka gani. Kuma ka gaya min gaskiya, ka taɓa tsarin wani tebur a ranakun nan?

Ɗan Samaru:
Yaya, na taɓa. Ina son ƙara gurbin lambar waya a teburin biyan kuɗi, sau biyu na gwada ALTER TABLE, umarnin sauya tsarin tebur, da safe bai kammala ba. Yau na sake gwadawa, ta tsaya, na yi yadda ka ce. Layuka sama da 140 duk State ɗinsu Waiting for table metadata lock, har da ALTER ɗin nawa, ya kai daƙiƙa 900. Akwai kuma guda ɗaya daga kwamfutar akawu, Command ɗinsa Sleep, Time 2300. Wannan na ɗauka barci kawai yake.

Yaya daga Tudun Wada:
Mai barcin nan shi nake zargi. Ga yadda abin ke faruwa: wani ya buɗe aikin shigar da kuɗi a teburin, bai yi COMMIT ba, wato bai tabbatar da ajiye aikin ba, bai kuma fasa ba. Muddin aikin na buɗe, yana riƙe da makullin tsarin tebur. ALTER ɗinka yana son teburin shi kaɗai, sai ya tsaya jira, duk wanda ya zo bayansa kuma ya bi layi, har mai son karanta rasit kawai. Da haka gurabe 151 suka cika. Ka tabbatar tukuna: duba information_schema.innodb_trx, in lambar da ke trx_mysql_thread_id ta yi daidai da Id ɗin mai barcin, shi ne. Don iyaye su samu wucewa yanzu, yi KILL QUERY, umarnin da ke tsayar da abin da zare ke gudanarwa, a kan ALTER ɗinka, layin zai saki nan take.

Hajiya Mai Lissafi, Kongo:
Ɗana, kafin ka kashe na akawun, tashi ka je ofishinsa da ƙafarka. KILL QUERY ba zai yi masa komai ba tunda babu umarnin da yake gudana, sai KILL da lambarsa, wanda ke yanke zaren gaba ɗaya, shi kuwa zai warware duk abin da bai kai ga COMMIT ba. In an riga an karɓi kuɗin mutum an ba shi rasit na hannu, kuɗin zai ɓace daga rumbun. Ka rubuta sunan ɗalibin da adadin a takarda, sannan ka kashe.

Ɗan Samaru:
Na je, Hajiya. Ashe an ɗauke wuta ne yana tsaka da shigar da kuɗin wata yarinya 'yar aji biyu, kwamfutarsa ta mutu, ya koma aiki da waya. Na rubuta, na yi KILL, mun sake shigarwa. Allah ya saka muku da alheri.

Yaya daga Tudun Wada:
Amin. Sabar ba ta san kwamfutar ta mutu ba, shi ya sa zaren ya zauna. Wait_timeout, lokacin da sabar ke jira kafin ta yanke zaren da ba ya komai, na asali daƙiƙa 28800 ne, wato awa 8. Ka rage shi a zaman da manhajar ke buɗewa, ka kuma gyara lambarka ta daina barin aiki a buɗe tana jiran akawu ya danna maɓalli. ALTER ɗin ka bar shi sai bayan isha'i, kuma kafin ka buga shi ka sa SET lock_wait_timeout = 10 a wannan zaman, don in bai samu makulli ba ya haƙura da kansa. Ku nemo wa kwamfutar akawun ƙaramin UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, akwai su a Sabon Gari.